Tambayoyinku kan aiki: Na ƙara musu albashi amma har yanzu suna guduwa

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kamar kun haɗa baki, masu kamfani na kukan ma'aikata basa zama, su kuma ma'aikata na kukan ba'a san darajarsu ba sai ranar da suka miƙa takardar ajiye aiki. Na zaɓi guda shida, na cire sunaye kamar yadda muka saba, wasu kuma na ɗan rage musu tsawo.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina da ɗan ƙaramin kamfani mu 22 ne harda ni. Cikin wata takwas ɗin nan mutum biyar suka ajiye aiki kuma wallahi ba ragwaye bane, sune ma waɗanda nake ji dasu. Farkon shekara na ƙara wa kowa albashi duk da kasuwa ba daɗi, ban taɓa bari wata ya wuce ban biya ba, amma sai kawai kaga mutum ya turo takarda wai ya samu wani wuri. Ɗaya daga ciki ma da na bincika, abinda ake biyanshi acan kusan daidai yake da nawa. Ni dai na fara yarda yaran zamani ne kawai basu da amana. Ko akwai abinda ban gani ba?

Amsa: Alhaji ranka ya daɗe, wannan ɗayan da ya tafi akan kuɗi iri ɗaya shi nakeso ka tsaya akanshi, dan shi ya baka amsar kyauta. Mutum ya bar wurin da ya saba, ya san kowa kowa ya sanshi, ya koma inda zai zama baƙo a sake sashi lokacin gwaji, kuma ba ƙarin ko sisi? Ai ruwa baya tsami banza, akwai abinda ya koro shi daga wurinka.

Maganar yaran zamani kuma bari in ɗan rage maka ita. A 1913 a masana'antar motoci ta Henry Ford da ke Highland Park kusa da Detroit a Amurka, saida suka ɗauki mutum sama da 50,000 a shekara ɗaya dan kawai su riƙe gurabe wajen 14,000, saboda ana ɗauka ana guduwa. Lokacin ne aka shigo da layin haɗa mota mai tafiya da kanshi, mutum na tsaye wuri ɗaya yana ɗaure noti iri ɗaya tun safe har yamma, mutane suka kasa jurewa. Kaga kakannin kakannin yaran zamani kenan. A Janairun 1914 Ford ya maida kuɗin yini dala 5, daga wajen dala 2.34, ya kuma rage awannin aiki daga 9 zuwa 8, gudun ma'aikata ya faɗi warwas. To kuɗi na aiki, kar wani ya yaudare ka, amma lura cewa shi ninkawa yayi har da ɗoriya, kuma ya haɗa da rage wahala. Kai zaka iya ninka albashi? Inaga a'a. Dan haka dole ka nemo sauran abinda ke hannunka.

Abinda ya canza a zamanin nan shine ƙofar fita ta faɗaɗa. Ma'aikacinka yana zaune a teburin da ka siya mishi yana duba tallan aiki a LinkedIn ta wayarshi, ayi mishi intabiyu ta Zoom a lokacin hutun rana, wani ma kamfanin da zai ɗauke shi a wata ƙasa yake. A Amurka a 2021, mutum sama da miliyan 47 suka ajiye aiki da kansu a shekara ɗaya. Da can mutum na haƙuri da wulaƙanci saboda bai san inda zashi ba, yanzu ya sani.

Akwai wani masanin halayyar ɗan adam Frederick Herzberg, a binciken da ya fitar a 1959 shi da abokan aikinshi sun tambayi injiniyoyi da akantoci wajen 200 a yankin Pittsburgh su bada labarin lokacin da suka fi jin daɗin aiki da lokacin da suka fi tsanarshi. Sai aka ga amsoshin ba hanya ɗaya suke bi ba. Ɓacin rai yafi fitowa daga dokokin kamfani, yadda oga ke bi da mutum, yanayin wurin aiki da albashi, jin daɗi kuma daga kammala wani abu mai wuya, yabo, a baka ragama, da ƙarin girma. Masana sun soki hanyar da ya bi daga baya, amma ni dai abinda na gani da idona bai saɓa da nashi ba sosai. Ƙarin albashi yana kashe ƙorafin albashi, bayan wata biyu uku ya zama abinda aka saba, shi kuma ogan da ke yiwa mutum tsawa gaban na ƙasa dashi yana nan kullum da safe.

Shiyasa aikin farko da zan baka shine ka ɗauki biro ka rubuta sunayen mutum biyar ɗin, gaban kowanne ka rubuta wa yake ƙarƙashinshi kai tsaye. In uku ko huɗu suka faɗa kan mutum ɗaya to ka gama rabin bincike. Kamfanin Gallup da ya daɗe yana auna irin wannan ya ce wajen kashi 70 cikin 100 na bambancin ƙwazo da son aiki tsakanin wannan sashe da wancan, daga manajan sashen yake. Kuma kayi haƙuri Alhaji, a kamfanin mutum 22 yana yiwuwa sunan da zai ta maimaituwa naka ne.

Ni kaina na taɓa zama wannan sunan. Shekarun baya ina shugabantar wani ɗan sashe, akwai wata baiwar Allah da tafi kowa iya aiki amma ga musu, duk mitin sai ta ce oga wannan tsarin bazai yi ba saboda kaza. Wata rana raina a ɓace na katse ta gaban kowa nace in ta gama koya mana aiki sai mu cigaba. Daga ranar ta daina musu, duk abinda nace sai tace to oga, ni kuma ina ta murna wai ta yi hankali. Ban lura ba kofin shayinta ya ɓace daga teburin, sai hoton yaranta, sai 'yar tukunyar fulawar da take bawa ruwa kullum, ɗaya bayan ɗaya take kwashewa gida. Wata huɗu sai ga takarda. Na kira ta ina ta lallashi harda alƙawarin ƙarin kuɗi, tayi murmushi tace oga ai ni tun ranar nan na tafi, gangar jikina ce kawai take zuwa. Har yau in naga ma'aikaci mai yawan magana yayi shiru gabana faɗuwa yake.

To mutum 16 ɗin da suka rage maka, kar ka jira ranar tafiyarsu kafin ka tambaye su. Ka zauna da kowanne shi kaɗai minti ashirin zuwa talatin, ba ranar da yayi laifi ba kuma ba lokacin auna ƙwazo ba. Ka tambaye shi me ke sa shi jin nauyin fitowa aiki da safe, wane abu ɗaya zai canza in da shine mai wurin, nan da shekara biyu a wane matsayi yake son ganin kanshi, kuma yaushe rabon da yayi tunanin tafiya, me ya jawo. Sai ka kama bakinka kayi ta rubutu, ko da abinda yake faɗa kana ganin ba haka bane. Zagayen farko yawancinsu lafiya lau zasu ce maka, tsoro suke ji. Amma in mutum ɗaya ya ambaci wani ƙaramin abu, ace kwamfutarshi na ɗaukar minti goma kafin ta tashi, ka gyara a satin, labari zai zagaya da kanshi, zagaye na biyu zaka ji abinda kunnenka bai so ba. In kuma kasan bazaka gyara komai ba to dan Allah kar ma ka fara, tambayar da ba aiki a bayanta tafi shiru ɓata rai.

Tambaya: Malam ni ce ke kula da harkar ma'aikata a wurin aikinmu. Tun lokacin korona mutanenmu suka ɗanɗana aiki daga gida yanzu suna ta roƙon ko kwana biyu ne a sati a barsu, shi kuma mai gidan namu yace shi in baiga mutum akan kujera ba to baya aiki. Masu rubuta manhaja biyu sun riga sun koma inda aka yarda musu. Ni a tsakiya nake, sama zafi ƙasa zafi. Me zan ce mishi?

Amsa: Hajiya sannu da ƙoƙari, wannan kujerar taki ba daɗi gareta ba. Kar ki je mishi da maganar tausayi ko ta zamani ya canza, irin waɗannan ogannin lissafi suke ji, kuma an yi sa'a akwai lissafin.

Wani masanin tattalin arziki Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford yayi gwaji har sau biyu da wani babban kamfanin harkar tafiye-tafiye na ƙasar Sin mai hedikwata a Shanghai, a da sunanshi Ctrip yanzu Trip.com. Na farko daga ƙarshen 2010 zuwa 2011, masu amsa wayar kwastomomi ne, aka raba waɗanda suka nuna sha'awa gida biyu ta hanyar ranar haihuwa dan kar ace an yi son kai, wasu a gida wasu a ofis har wata tara. Na gida aikinsu ya ƙaru da kashi 13 cikin 100, masu ajiye aiki a cikinsu kuma suka ragu da rabi. Amma ki faɗa mishi ɗaya ɓangaren ma, dan in ya gano da kanshi zai ce kin ɓoye: na gidan an fi mantawa dasu wajen ƙarin girma, kuma da aka gama gwajin aka basu zaɓi, wajen rabinsu ofis suka dawo, da yawa kaɗaici ne ya ishe su.

Na biyun shi yafi kama da abinda mutanenki ke nema. Ma'aikata 1,612 ne, injiniyoyi da 'yan sashen talla da na kuɗi, rabi aka barsu suyi Laraba da Juma'a a gida, sauran kwana uku a ofis. An buga sakamakon a mujallar kimiyya ta Nature a 2024. Ajiye aiki ya ragu da kashi ɗaya cikin uku, musamman a wajen mata da masu doguwar tafiya zuwa ofis, kuma ba'a ga wani bambanci a makin ƙwazo ko ƙarin girma ba. Abinda yafi burge ni ma, manajojin kafin a fara suna ganin aiki zai lalace, bayan sun gani da idonsu suka canza ra'ayi. Gani ya kori ji.

To ki nemi irin wannan a wurinshi, gwaji kawai. Sashe ɗaya, wata uku, ranakun gida a tsaida su kowa ya sani dan kar mutum yazo ofis ya tarar duk wanda yake nema baya nan. Kuma kafin a fara ku rubuta da me za'a auna, aiki nawa aka kammala, an cika lokaci ko ba'a cika ba, ƙorafin kwastoma ya ƙaru ko ya ragu. Anan ne zaki gano wani abu, da yawan masu cewa sai sun ga mutum akan kujera basu da wani ma'aunin ne banda kujerar. Ai mutum na iya wuni a gabanka ido akan kwamfuta alhali Facebook yake.

Ban ce oganki shi kaɗai ke da wannan ra'ayin ba, Amazon ma, babban kamfanin nan na cinikin intanet na Amurka, ta umarci ma'aikatan ofisoshinta su koma kwana biyar a sati daga Janairun 2025. Sai dai su suna da suna da kuɗin da zasu maye gurbin duk wanda yayi fushi ya tafi, ku tambayi kanku ko kuna da shi. Sannan kar ki manta da direba da mai gadi da mai tarbar baƙi da waɗanda ke kan inji, nasu aikin baya bin mutum gida, in aka bawa 'yan kwamfuta aka barsu haka za'a samu 'yan bora da 'yan mowa a gida ɗaya. Su a basu abinda ya dace da nasu aikin, a fitar da jadawalin aiki da wuri, a bari su yi musayar rana tsakaninsu ba sai an rubuta takarda ba.

Tambaya: Sau uku kenan ina biyawa yaran kamfanina kuɗin kwas, suna karɓar satifiket ko wata shida basa yi sai su gudu. Na rantse na daina. Laifi nayi?

Amsa: Ɗan'uwa abin da ciwo kam. Amma tambaya ɗaya, bayan sun dawo daga kwas ɗin me ya canza? In teburi ɗaya, aiki ɗaya, albashi ɗaya suka tarar, to kai da kanka ka ɗaga farashinsu a kasuwa kuma kai kaɗai ne baka yarda da sabon farashin ba. Kafin mutum ya tafi kwas ku zauna ka gaya mishi in ya dawo ga aikin da zai karɓa, ga abinda zai ƙaru, ga lokacin. Sannan ba laifi ku sa hannu a yarjejeniya cewa in ya tafi kafin shekara ɗaya ko biyu zai maida wani kaso na kuɗin, kason na raguwa da kowane wata da ya zauna. Ka bawa lauya ya duba tunda doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma kar a rubuta abinda yafi kuɗin da ka kashe, in ta zama tarko masu ƙwazon tun farko zasu ƙi kwas ɗin. Daina horarwa gaba ɗaya kuma, inaga masu son cigaba zaka fara kora da wannan rantsuwar.

Tambaya: Baba dan Allah a bani shawara. Shekarata huɗu a wurin nan, wata biyar da suka wuce aka ɗauko wani sabo aka ce in koya mishi aiki, na koya mishi komai da zuciya ɗaya. Rannan naje firinta ɗauko takarda sai naga silif ɗin albashinshi ya manta acan, wallahi ya fini nesa ba kusa ba, har yau ni yake tambaya in abu ya shige mishi duhu. Ban ce komai ba na nemi wani wuri kuma sun ɗauke ni. Da na kai takarda sai oga ya rikice yace zai biya ni duk abinda suka ce. Yanzu na rasa yadda zanyi, in zauna ko in tafi?

Amsa: 'Yata, abinda kika ji a gaban firintar nan ba hassada bace, kar ki zargi kanki. A 2008 wata jarida a Kalifoniya, Sacramento Bee, ta saka albashin ma'aikatan gwamnatin jihar a intanet harda na Jami'ar Kalifoniya. David Card, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2021, shi da abokan aikinshi suka sanar da wasu ma'aikatan jami'ar cewa ga inda zasu duba, suka bar wasu, sannan suka bi su da tambayoyi. Waɗanda suka gano albashinsu na ƙasa da matsakaicin na sa'o'insu son aikinsu ya ragu kuma suka fi cewa zasu nemi wani wuri, waɗanda suka gano suna sama kuwa ba wani ƙarin farin ciki da suka samu. Kinga ɗan adam kenan, kuɗin da ya ishe shi jiya yau sai ya zama cin fuska in yaga na kusa dashi.

Yadda abin ke faruwa ba lallai mugunta bace. Sabon da za'a ɗauko dole a biya shi farashin kasuwar yau in ba haka ba bazai zo ba, ke kuma ana ɗora miki ɗan ƙari akan farashin shekara huɗu da suka wuce, tazara tayi ta buɗewa ba wanda ya waiwaya tunda baki yi magana ba. Sakaci ne, amma sakacin da ke kika biya kuɗinshi.

Bazan ce miki zauna ko tafi ba, amma ki tambayi kanki, da ace baki ga silif ɗin nan ba kina jin daɗin wurin? In eh, oga na mutunta ki kina koyon sabon abu, to matsalar kuɗi ce kuma gashi an kawo kuɗin, sai ki ce a rubuta miki a takarda da ranar da zai fara, ki kuma nemi a gyara matsayinki tunda mai koyar da wasu ta wuce inda aka ajiye ta. In kuma dama can kin gaji, silif ɗin kawai ya tunzura ki, to ƙarin kuɗi bazai canza ogan ba kuma bazai canza aikin ba. Ki kuma tuna kin riga kin amsa wa waɗancan, in zaki fasa ki sanar dasu da wuri cikin mutunci, in zaki tafi ki cika kwanakin notis ki miƙa aiki a rubuce tsaf, dan duk faɗin fagen sana'a mutanen cikinshi sai sun sake haɗuwa.

Ku kuma masu kamfani da ke karantawa, kuɗin da ya fito cikin minti biyar ranar da aka kawo takarda dama can akwai shi, kuma ma'aikaciyar ta gane haka, sauran ma'aikatan ma sun gane cewa hanyar samun ƙari a wurinku itace barazanar tafiya. Ba'a fafe gora ranar tafiya. Sau ɗaya a shekara ku jera albashin tsofaffi da na sababbi masu aiki iri ɗaya ku kalla. Gallup ta ƙiyasta cewa maye gurbin ma'aikaci ɗaya na cin daga rabin albashinshi na shekara har zuwa ninki biyu, in aka haɗa talla da intabiyu da horo da watannin da sabo ke lalube.

Tambaya: Malam mun saka tallan aiki mutum sama da 300 suka turo takardu duk sun tsaru kamar mutum ɗaya ya rubuta. Muka tace muka kira goma, kafin mu gama shawara uku mafi kyau sun samu wani wuri. Wanda muka ɗauka kuma sati uku yayi ya daina zuwa. Ina masu kirkin suke ne?

Amsa: Suna nan Hajiya, gaggawa ce kawai garesu fiye da ku. Sati nawa kuka ɗauka tsakanin intabiyu da kiran waya? Wanda ya burge ku ya burge wasu ma, kuma duk ranar da kuka yi shiru shi a wurinshi amsa ce. Ku tsaida ranar yanke hukunci tun kafin ku saka talla, ku gaya wa kowa ranar, waɗanda ba'a ɗauka ba ma a tura musu layi biyu na godiya, suna da baki kuma suna da abokai.

Takardun da suka yi kama da juna kuma, tun da ChatGPT, manhajar nan da ke rubuta wa mutum abinda ya nema, ta fito a ƙarshen 2022 kowa na iya fitar da takardar neman aiki mai ƙyalli cikin minti biyu, dan haka ta rage daraja a matsayin ma'auni. Ku bada ɗan aiki irin wanda mutum zai riƙa yi, na awa ɗaya ko ƙasa da haka, akanta a bashi lissafin da aka dasa kuskure a ciki, mai kula da kwastoma a karanta mishi saƙon wani da ya fusata aji me zai ce. Kowa tambaya iri ɗaya dan ku iya gwadawa. Amma banda a fake da gwaji a sa mutane aikin kamfani kyauta, ana yi kuma ana ganewa.

Ki koma ki karanta tallan naku kamar ke ce mai nema. Akwai albashi a ciki, ko cewa kuka yi mai tsoka kawai? Birnin New York ya wajabta rubuta mafi ƙaranci da mafi yawan albashi a tallan aiki tun Nuwamban 2022, Tarayyar Turai ma ta amince a 2023 da dokar da ke bawa mai nema haƙƙin sanin albashi kafin intabiyu. Ko doka bata tilasta muku ba ku rubuta, zai rage muku masu turowa a makance, kuma wanda ya riga yana da aiki mai kyau baya ɓata lokacinshi akan tallan da bai san me ke ciki ba. Ku kuma faɗi wahalar aikin tun a intabiyu, in akwai aikin ƙarshen mako ko tsayuwa doguwa a faɗa.

Shi kuma na sati ukun, ya ranar farkonshi ta kasance? Na taɓa ganin sabon ma'aikaci ya sha guga ya iso tun kafin lokaci, mai gadi bai san da zuwanshi ba ya tsaida shi a ƙofa, wanda ya ɗauke shi yayi tafiya, ba tebur ba kwamfuta ba kalmar sirri, ya wuni a kujerar baƙi da jaka akan cinya yana danna waya. Mutum irin wannan sauran wuraren da ya nema basu gama rufe ƙofa ba tukuna, kira ɗaya zai yi. Kafin ranar a tanadi kayan aikinshi, a haɗa shi da wani tsohon hannu da zai riƙa tambaya ba kunya, oganshi kuma ya zauna dashi ƙarshen satin farko da ƙarshen watan farko yaji ko abinda aka gaya mishi a intabiyu shi ya tarar.

Tambaya: Ni manaja ne kuma da dare tunani ke zo min, sai in tura a gurup ɗinmu na WhatsApp ko ƙarfe sha ɗaya ne dan kar in manta. Bance dole a amsa ba. Amma naji ana gulma wai na hana mutane barci, ɗaya ma ya ambata a dalilanshi na barin aiki. Wannan ba shagwaɓa bace?

Amsa: Oga, kai ka san ba dole bane, shi wanda ke ƙarƙashinka bai sani ba. Wayarshi ta yi ƙara yaga sunanka, yaga abokin aikinshi ya riga ya rubuta an gama ranka ya daɗe, kai kuma kana iya ganin waɗanda suka karanta suka yi shiru, ta ina zai kwanta? Saƙon mai sa hannu a takardar ƙarin girma ko da wasa aka turo shi nauyi gareshi.

Abin ya kai har ƙasashe sun yi mishi doka. A Faransa tun 1 ga Janairun 2017 kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama dole su tattauna da ma'aikatansu kan ƙa'idar saƙonni bayan an tashi aiki, Ostareliya kuma daga Agustan 2024 ta bawa ma'aikaci damar ƙin duba ko amsa saƙo a wajen lokacin aiki in dai ƙin nashi bai saɓa hankali ba. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar a 2021 cewa mutum wajen 745,000 suka mutu a 2016 ta ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki masu alaƙa da aikin awa 55 ko fiye a sati. Saƙonka ɗaya bai kai nan ba, amma awannin da mutum ke yi kunne a waya suna shiga lissafin gajiyarshi ko ba'a biya shi obataim ba.

Ku zauna ku yarda akan me ake kira gaggawa, in ta taso a buga waya kai tsaye ga wanda abin ya shafa, sauran kuma su jira safe. Imel yana da wurin saita lokacin da zai tafi, a WhatsApp kuma zaka iya tura wa kanka saƙon da dare in gari ya waye ka tura gurup. Ni haka nake yi yanzu, kuma da safe in na buɗe kusan rabinsu gogewa nake, dan sai in ga ashe ba wani abu bane.